Tantabarar da Ta Sauko Ba Kewaye

Na manta fuskokin mutane da yawa da na yi wa ɗinki a Yamai, na manta ma launin ƙofar shagona na farko, amma akwai wata safiyar Lahadi a bakin kogin Isa wadda ta ƙi barina shekara ashirin da 'yan kai ke nan. Ba na jin zan manta da ita har ranar da za a ɗauke ni a makara. A ranar ce na fara harbo tsuntsu a sama da hannuna, kuma a ranar ce na yi abin da ya fi kowane abu ba ni kunya a rayuwata.

Ni tela ne, mutumin Damagaram, ina da shago a unguwar Maourey. A lokacin ba abin da nake taƙama da shi kamar idona. Ina zura zare a allura da magariba ba tare da na kunna fitila ba, in mutum ya shigo shago kallo ɗaya nake yi masa in faɗi faɗin kafaɗarsa kafin in ɗauko abin awo. Abokan sana'a suna ce mini ido ne da ni kamar na shaho, ni kuwa sai in ƙara hura hanci. Wannan idon ne ya ja hankalin kawun matata, wanda nake kira Baba.

Baba mutumin Tawa ne, dogo, marar yawan magana sai in ya ga wanda zai tsokana. Ya yi shekaru yana tuƙa wani Anasara, kuma wurinsa ya koyi wani irin harbi da ban taɓa ji ba sai a bakinsa. Mu abin da muka sani shi ne maharbi ya bi dabba har inda take. Shi kuwa Baba zama yake yi wuri ɗaya, tsuntsu ya kawo kansa. Yana da tsuntsayen katako guda takwas, wani masassaƙi ya yi masa su, shi da kansa ya shafa musu fenti: kai toka-toka, baya ja-ja mai ɗigo-ɗigon fari, ido da jan zobe, sak hasbiya, wato tantabarar nan ta daji. Yana kiran su 'yan kira. Sai ya jera su a gonar da aka gama yankan shinkafa kamar suna kiwo, ya ɓoye a bayan zana. Hasbiyoyin da ke wucewa a sama su hango 'yan'uwansu suna cin abinci hankali kwance, su juyo su sauko.

Inda yake wannan harbi kuwa wuri ɗaya ne tak, can ƙasa da unguwar Gamkalley, bayan lambunan salati da kabeji sun ƙare, inda gonakin shinkafa suka fara. Gonar ta wani dattijo ce Bazabarme. Hasbiyoyi suna yi masa ɓarna a tarin shinkafa da wurin renon iri, don haka tun shekara talatin da suka wuce ya ba Baba izini, da sharaɗi guda. A gefen bukkarsa akwai ɗakin tantabaru na laka, na matarsa. Ya ce a harbi na daji yadda aka ga dama, amma kada a taɓa na gida. Shekara talatin Baba bai taɓa ko gashin ɗaya ba. Matar mai gonar ta rasu shekara guda kafin in fara zuwa wurin, kuma tun daga nan mai gonar bai sake yanka ko ɗan shila ɗaya daga cikinsu ba.

Abin da ya sa Baba ya neme ni shi ne yanar ido ta fara rufe masa gani. Bai taɓa faɗa da bakinsa ba. Abin da ya ce mini kawai shi ne, “Tela, an ce kana ganin ramin allura cikin duhu. Taho mu gani in kana ganin tsuntsu cikin haske.” Daga baya na gane cewa wannan fita ta Lahadi ita kaɗai ta rage masa. Ya ajiye tuƙi, 'ya'yansa sun watse, abokansa da yawa sun riga shi. Duk mako yana jiran asubar Lahadi ne kamar yadda wasu ke jiran ranar salla.

Shi ya raka ni na yi permi, wato takardar izinin farauta, ya ba ni aron tsohuwar bindigarsa mai baki ɗaya, shi ya riƙe mai baki biyu. Amma Lahadi uku na farko ko taɓa ta bai bari na yi ba. Sai in ɗauko shi a kan babur bayan sallar asuba, mu bi gudro, wato kwalta, har ya ƙare, mu shiga hanyar ƙasa, mu tsaya mu gaisa da mai gona. “Fofo,” in ji shi da Zabarmanci, “fofo, mai gida,” in ji Baba, su riƙe hannun juna su daɗe, ko da yake a makon jiya ma sun gaisa haka. Daga nan sai darasi.

Da farko Baba yakan ɗebi ƙaiƙayi ya saki don ya san inda iska ta nufa, domin tsuntsu ba ya sauka sai yana fuskantar iska, kuma ba ya kiwo ya ba ta baya. Saboda haka 'yan kira dole su kalli iska, amma ba duka a miƙe ɗaya ba. Ranar da na jera su reras, tazara daidai, ya tsaya ya shafa su da hannu ɗaya bayan ɗaya ya ce, “Wanga sahun salla ne ko kiwo? Ka taɓa ganin tsuntsayen da suka yi sahu?” Ya watsa su, ya karkata wannan, ya matsar da wancan, ya bar fili a tsakiya mai siffar wuyan riga, inda masu zuwa za su samu wurin sauka. Daga zana zuwa filin ya auna taki ashirin da biyar. Ya hana ni sa farar riga, ya hana ni ɗaga fuska sama, ya hana ni agogon hannu don kada ya yi walƙiya.

Sai kuma babban darasin, wanda ya maimaita har na gaji da ji. Ya ce hasbiya ba ta yarda da kowa. Ko ta ga 'yan kira, sai ta yi kewaye sau ɗaya ko sau biyu, tana duba ƙasa, sannan ta naɗe fukafukai. “Wadda duk ta taho kai tsaye, ba kewaye, ba tsoro, ka sauke bindiga. Wani ne ke ba ta abinci da hannu.” Na ce na ji. A raina kuwa cewa nake yi, mai ido irin nawa ba ya buƙatar wannan dogon lissafi, ai launin ma ya ishe ni.

A waɗannan makonni aikina shi ne gani. Ina zaune kusa da shi in raɗa masa, “Baba, uku daga wajen kogi, suna kewayowa ta hagu.” Sai ya saurara, ya ji kaɗawar fukafukai, in sun zo kusa ya hangi inuwarsu, ya miƙe a hankali, dum! Da wuya ya yi kuskure. Ni kuma in ruga da wuƙa, don wadda ta faɗo da sauran rai sai an yanka ta da sunan Allah. Na ji daɗin wannan aiki ƙwarai. Ban taɓa zama shiru na sa'a biyu ba a rayuwata sai a bayan zanar nan, ina jin sanyin kogi da ƙamshin karan shinkafa, ina kallon mata can nesa suna kalar abin da ya zube.

Da yake ni ba na iya ganin abu ban ce zan gyara shi ba, sai na ga 'yan kira takwas sun yi kaɗan. Na tattara ƙyallayen da suka rage a shago, na ɗinka guda shida, na cusa musu auduga, na sa musu ƙafar waya. Ba ni da ƙyalle mai ja-ja, sai na yi amfani da wani mai ruwan toka mai haske da ya rage daga wandon wani ma'aikaci. Ni dai a ganina sun fi na katako kyau nesa ba kusa ba. Baba ya juya ɗaya a hannunsa, ya matsa cikinta ya ce, “Matashin kai ka yi muna ko tsuntsu? To, aje su, mu ga ko hasbiya ta san aikin tela.” Bai iya ganin launinsu sosai ba. Da ya gani, da ya gaya mini cewa abin da na ɗinka ya fi kama da tantabarun gida.

Lahadi ta huɗu ya miƙo mini bindiga. Na harba sau biyar, sau biyar ina harbin sararin Allah. Lahadi ta biyar ma haka. Baba ya samu abin yi. In na harba sai ya ɗaga kai ya saurara, ya ce, “Madalla, wagga ma ta tahi gaida iyayenta.” Ya ce ina harbin inda tsuntsu yake ne, alhali inda za shi ake harbi. A gida ma matata ta fara tambayata ko hasbiyoyin sun ba ni saƙo. Abin dariya ne, amma ni ya ci mini rai. Mutumin da ake yabon idonsa a duk Maourey, ga tsoho mai yana a ido yana cika jaka, ni ko gashi ban tsinko ba.

Sai Lahadi ta shida. Tun fitowar rana Baba ya sauke huɗu, ni na ɓata harsashi uku. Can wajen ƙarfe takwas ya jingina bindigarsa, ya ɗauko butar shayi yana zubawa. A daidai lokacin na hango tsuntsuwa ɗaya tilo tana tahowa, ba daga wajen kogi ba inda hasbiyoyi ke fitowa, daga bayanmu ta gefen dama, ƙasa-ƙasa. Rana tana idona, inuwa kawai nake gani. Ba ta yi kewaye ba. Kai tsaye ta nufi tsuntsayen ƙyallena, ta buɗe fukafukai, ta miƙo ƙafafu za ta sauka a tsakiyarsu, ta tsaya cak a iska kamar an rataye ta. Har yau ina tambayar kaina ko na tuna da maganar Baba a wannan lokacin. Gaskiya ita ce na tuna. Ta gilma mini, na ture ta, don ban taɓa samun tsuntsu da ya tsaya mini haka ba. Na ja kunama.

“Ta hwaɗi!” in ji Baba, ya ji faɗuwarta. Har shayin ya zube masa a hannu don murna. “Ruga, Tela, ruga ka yanka!”

Na ruga ina jin kamar ƙafafuna ba sa taɓa ƙasa. Da na isa sai na tsaya. Ba ja-ja a bayanta, ba ɗigon fari, ba jan zobe a ido. Tantabara ce mai ruwan toka, a ƙafarta ta dama an ɗaura zare da 'yan duwatsun ado ja guda uku, irin wanda na sha gani a ƙafafun tantabarun marigayiya in muna gaisawa da mai gona. Fiffike ɗaya ne ya karye. Ban ga jini a ko'ina ba sai nan. Da na kai hannu ba ta ma yi yunƙurin gudu ba, ta zauna a tafina kamar yadda ta saba zama a hannun mutum, zuciyarta tana bugawa a yatsuna.

A nan ne nake so mai karatu ya tsaya tare da ni. Bukkar mai gona ba ta fi tafiyar minti biyar ba. Ni tela ne, na san ɗauri, da na kai ta an ɗaure fiffiken da kara da zare, ko ba ta sake tashi ba za ta rayu. Amma abin da ya zo mini shi ne dariyar Baba za ta koma wani abu dabam, da fuskar mai gona, da yadda za a ce mai idon shaho bai san tantabara da hasbiya ba. Na waiga. Baba yana tsaye bayan zana yana kallon wajena, kuma na san daga wannan nisa ba ya ganin komai sai farin hazo. Na juya masa baya, na fuskanci gabas, na yanka ta. Na ciro ɗan almakashin da ba ya rabuwa da aljihuna, na datse zaren, na jefa duwatsun a aljihu. Sannan na tsuguna na fige ta tas, na tura gashin a ƙarƙashin karan shinkafa.

“Mi ya tsai da kai?” in ji Baba da na dawo.

Na ce, “Murna ce, Baba, hannuna ya ƙi zama, sai na fige ta.”

Ya yi dariya, ya dafa kafaɗata ya ce yau na zama mutum.

Da muka koma gidansa, ya zauna a gindin bishiyar tsakar gida yana gyaran tsuntsaye, ni ina zuba masa ruwa. Ya fige nasa huɗu, ya ɗauko tawa. Na ga ya auna nauyinta a tafin hannu. Ya shafa ƙirjinta. Sannan ya tsaga 'yar jakar nan ta wuya inda tsuntsu ke tara abinci, ya juye abin da ke ciki a hannunsa, ya murza da yatsa. A cikin nasa huɗun shinkafa ce mai ɓawo da 'ya'yan ciyawa. A cikin tawa tsakin masara ne. Ba mai shuka masara a wajen, kuma ba tsuntsun da ke da turmi a daji.

Bai ɗago kai ba ya ce, “Tela, wagga ta yi kewaye kahin ta sabko?”

Na ce, “Ta yi, Baba.”

“To,” in ji shi. Ya wanke ta da kyau, ya naɗe ta a takarda dabam, bai sa ta cikin kwanon da za a kai kicin ba. Bayan la'asar ya sa babbar rigarsa da hula, ya ce in mai da shi bakin kogi.

Mun tarar da mai gona a ƙofar ɗakin tantabaru, da ƙwaryar tsaki a hannu. Namijin tantabara ɗaya yana kai da kawowa a kan rufin yana guɗa. Bayan gaisuwa Baba ya tsuguna, abin da ban taɓa ganin ya yi wa kowa ba, ya ajiye ƙunshin a gabansa ya buɗe. Ya ce, “Ga amanarka na ci. Ni na harbe ta da sahe. Idona ya tahi, na ɗauka hasbiya ce.”

Mai gona ya ajiye ƙwaryar. Ya dubi ƙunshin, ya dube ni. Ya sa hannu a wani rami na ɗakin ya fito da 'yan shila biyu, ko gashin kirki ba su yi ba, ya nuna mana ya mayar. Ya ce ita ce ta ƙarshe da marigayiya ta ɗaura wa zare da hannunta. Ya sake dubana. Sannan ya ce wa Baba, da irin Hausarsa mai nauyi, “Ni da kai ba faɗa. Amma in ido ya kai haka, yau tantabara, gobe mace mai kala. Ka aje bindiga. Nan dai kada a sake harbi.”

“Gaskiyarka,” in ji Baba.

Mai gona ya dube ni a karo na uku. Hannuna yana cikin aljihu, ina murza duwatsun nan uku har sun yi zafi. Na ce a raina, bari su gama magana tukuna. Suka gama. Na ce bari mu miƙe. Muka miƙe. Na tayar da babur, na ɗauko tsoho, muka taho har Maourey. A ƙofar gida ya ce in shigar masa da buhun 'yan kira da ke ɗaure a babur tun safe, ya yi mini sai da safe kamar kullum.

Kwana takwas na yi da wannan abu a cikina. Ina so in ce ban iya cin abinci ba, amma ƙarya ce, na ci. Abin da na yi shi ne lallashin kaina. Na ce ai dama idonsa ya tafi, ko ba yau ba dole ya daina. Na ce ai shi ya zaɓi ya faɗi haka, ban roƙe shi ba. Na ce in na je na tona yanzu, na mai da dattijo maƙaryaci. Duk wanda ya taɓa ɓoye laifi ya san yadda hujjoji ke zuwa da kansu, ba sai an kira su ba. Sai dai duwatsun na kasa zubar da su. Na sa su a gwangwanin maɓallai, kuma duk lokacin da na buɗe neman maɓalli su nake fara gani.

Lahadin da ta biyo baya matata ta kai wa kawunta abinci, ta biya ta kasuwar Petit Marché ta sayo masa kankanar da yake so. Da ta dawo sai ta zauna a bakin gado ba ta cire mayafi ba. Ta ce, “Ka san abin da na tarar? Tun asuba Kawu ya yi shirin fita, har da takalmin roba. Ya jera tsuntsayen katakon nan a tsakar gida, yana zaune a kan kujera yana kallonsu. Da na yi magana sai ya ce in yi a hankali, kada in kore su.” Ta yi ɗan murmushi, sai kuma ta goge ido. Ta ce, “Wai me ya faru ne a gonar nan?”

Washegari ban buɗe shago ba, na hau babur na nufi bakin kogi ni kaɗai.

Na samu mai gona yana gyaran bakin hanyar ruwa. Na tsuguna, na buɗe tafina na nuna masa duwatsun. Na ce, “Mai gida, ni ne. Ba Baba ba ne.”

Ya ɗauke su ɗaya bayan ɗaya, ya sa a aljihun ƙirji. Ya ce, “Na sani. Shekara talatin ina jin bindigar tsoho, tana cewa dum. Taka tana cewa tas. Ina tsaye nan na ji tas, na ga tsuntsuwata ta faɗi.”

Na ce, “To, don me ka hana shi zuwa?”

Ya ce, “Dattijo ya sa babbar riga, ya tsuguna gabana da maganarsa. In ce masa ƙarya kake, gaban surukinsa? Kai nake jira. Sau uku na dube ka.”

Da ya zage ni ko ya ɗaga mini fartanya, da ya fi mini sauƙi. Ya kai ni ɗakin tantabaru. Namijin ya ciyar da 'yan shilan kwana uku, daga nan ya bar su. Ɗaya ya mutu ranar Juma'a. Ɗayan yana kwance, wuya ya yi laushi, jakar abincinsa ta lafe. Mai gona ya ce ya gwada ba shi, amma hannunsa rawa yake yi, kuma wannan aikin marigayiya ce ta iya shi. Ya nuna mini yadda take yi: a jiƙa gero, a tauna, a sa bakin ɗan shilan a cikin bakin mutum. Na roƙe shi ya ba ni shi. Ya sa mini shi a hulata, ya ce in gaya wa tsoho wurinsa yana nan.

Daga nan gidan Baba na wuce, da hula a hannu. Na gaya masa inda na fito da abin da mai gona ya ce. Na tambaye shi don me ya ɗauki abin da ba nasa ba.

Ya ce, “Ni na kai ka wurin, da bakina na ce na yarda da kai. Hannunka hannuna ne. Kuma ba duka ne ƙarya ba. Da idona na nan, da na riƙe bakin bindigarka.” Ya miƙo yatsa ya shafa kan ɗan shilan. Sai ya ce, “Abu guda nike so in sani. Da ka iske ta, da ranta?”

Na ce, “Da ranta, Baba. Fiffike ne kawai.”

Ya janye yatsansa daga kan ɗan shilan, ana kiran azahar a masallacin unguwa. Sannan ya ce, “Harbin na ɗaukar maka. Wanga kam naka ne, ba ni iya ɗaukar maka shi.”

Ban taɓa yin kuka a gaban namiji ba tun ina yaro sai ranar.

Mun koma bakin kogi Lahadi mai zuwa, amma Baba bai sake ɗaukar bindiga ba. Ya ce ya faɗa a gaban mutum cewa ya ajiye, kuma ba zai mai da maganarsa wasa ba, ko da mai maganar ya yafe. Shi ke duba iska, shi ke jera 'yan kira, na katako kaɗai, don na ƙyallen na farke su na mai da audugar matashi kamar yadda ya faɗa tun farko. Yana zaune da shayinsa, ni ina gaya masa abin da ke tahowa, kuma ba na ɗaga bindiga sai ya ji daga bakina cewa ta yi kewaye. Haka muka yi shekara uku kafin Allah ya karɓi abinsa. Ɗan shilan ya rayu, mako biyu ina tauna masa gero tsakanin ɗinki da ɗinki, masu kawo aiki suna yi mini dariya. Ashe mace ce. Na mayar da ita ga mai gona da ta yi gashi, shi kuma daga baya ya ba ni biyu daga 'ya'yanta. Jikokinsu ne ke saman shagona yanzu.

Yau ni ma sai da tabarau nake zura zare, kuma na daɗe da daina harbi. Abin da na koya ban koye shi daga bindiga ba. Kuskure yana samun kowa, kuma in ka yi sa'a akwai wanda zai tsaya maka a kansa. Abin da ka yi bayan kuskuren don kada a gani, shi ne ba mai raba ka da shi. Kowace safiya in na hau da tsaki, akwai wadda takan sauko kai tsaye ta zauna a hannuna, ba kewaye, ba tsoro. Nakan tsaya cak har sai ta gama ci ta tashi don kanta.